Bashi ya ɓata maka suna a banki: ka sayar da kadara, ka nemi sassauci, ko ka ci wani bashin?

Wata ranar Talata bayan La'asar ƙanena ya shigo gidana ya zube a kan tabarma, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba. Malamin firamare ne a nan Katsina. Ya yi mako uku yana sintiri a ɗaya daga cikin bankunan da ke kan titin IBB, yana so a saya masa babur ya riƙa biya daga albashi. Ya cike fom, ya kai hoto, ya kai masu tsaya masa mutum biyu. A ranar ne ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfuta ta ce, "Malam, sai haƙuri, ana bin ka bashi a wani wuri." Ya buɗe baki zai rantse, sai ya tuna da rancen da ya karɓa a wani ƙaramin banki lokacin haihuwar ɗansa na biyu, wanda ya biya wata biyar ya saki, su ma suka gaji da kira suka yi shiru.

"Yaya, wai BVN ɗina ya shiga baƙin littafi," in ji shi. "Amma an ce akwai wani yaro wajen Ƙofar Ƙaura da ke gogewa, naira 20,000 yake karɓa."

Na ce masa ya mayar da kuɗinsa aljihu tukuna. Na daɗe ina riƙe da littafin ƙungiyar taimakon juna ta wurin aikinmu, irin wannan magana kuwa ba ranar na fara jin ta ba. Abin da muka zauna muka auna da shi a daren nan, shi nake so in shimfiɗa, domin duk wanda ya shiga wannan hali hanyoyin da ke gabansa kusan iri ɗaya ne, kuma wadda ta fi saurin zuwa rai ita ce ta fi tsada.

Babu wani baƙin littafin masu cin bashi a cikin BVN. Lambar nan mai alƙaluma 11 da aka fito da ita a 2014 shaida ce kawai, ita ke haɗa duk asusunka wuri guda. Inda labarinka yake shi ne wurin kamfanoni uku da Babban Bankin Najeriya, wato CBN, ya ba lasisin tattara bayanan bashi: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. Bankuna manya da ƙanana, har da manhajojin rance da yawa na waya, suna aika musu bayani a kai a kai: wane ne ya karɓa, nawa, yaushe, nawa ya rage, kwana nawa ya makara. Kafin banki ya ba ka rance, ƙa'idar CBN ita ce ya duba ka a wurin aƙalla biyu daga cikin ukun. Dokar da ta tsara wannan harka an sa mata hannu a watan Mayun 2017, lokacin Yemi Osinbajo yana riƙon ƙwaryar shugabancin ƙasa.

Daga wannan bayani ake fitar da maki. A wurin CRC makin yana farawa daga 300 ya tsaya a 850, irin ma'aunin FICO na Amurka, inda yadda mutum ke biya a kan lokaci ke ɗaukar kashi 35 cikin 100 na lissafin, yawan abin da ake bin sa ya ɗauki kashi 30, sauran kuma ya rabu tsakanin daɗewar hulɗa, da yawan neman sabon rance, da ire-iren bashin. Ka ga kenan kusan kashi biyu cikin uku na makin yana rataye ne a kan tambaya biyu: kana biya, kuma nawa ya rage? Akwai kuma iyakar da ya kamata kowa ya haddace, kwana 90. Bashin da ya wuce kwana 90 ba a biya ba, a lissafin banki ya koma bashin da ya tsaya, kuma wannan rubutun ne ke sa ma'aikaciya ta juyo maka da kwamfuta.

Kafin ka zaɓi komai, ka ga takardarka da idonka. Doka ta ba ka damar karɓar rahotonka kyauta sau ɗaya a shekara, ana nema ta shafukan kamfanonin a intanet da lambar BVN. Ka nema a wurin ukun duka, don abin da ɗaya ya sani ba lalle ɗayan ya san shi ba. Na taɓa ganin wata malama da ta biya bashinta kaf tun shekara biyu, rasit yana cikin jakarta, amma rahoto yana nuna ana bin ta, saboda wanda ya ba ta rancen bai aika gyara ba. Na ga wanda bai ci ko kwabo ba, tsaya wa abokinsa ya yi, abokin ya tsere Legas. In kuskure ne, ba ka buƙatar sauran wannan rubutu: ka rubuta ƙorafi ga wanda ya ba da rancen da kuma kamfanin bayanan, ka haɗa da rasit. Kamfanin ba ya gogewa don ka rantse, sai ya koma ya tambayi mai bashin. In an yi maka kunnen ƙashi, CBN yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna.

Na ƙanena ba kuskure ba ne. Da rahoton ya fito, layi ɗaya ne ya ɓata shi: uwar kuɗin da ta rage naira 300,000, amma da kuɗin ruwa da tarar makara ta kai naira 420,000. Ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ce, "Yaya, ashe yana ta haihuwa ina barci."

Yaron Ƙofar Ƙaura ba sai mun ɓata lokaci a kansa ba. Bayanin daga kwamfutar banki yake tasowa, wata mai zuwa za a sake aika shi yadda yake. Wanda ya ce zai goge, ko dai ya cinye kuɗinka ya kashe waya, ko ya nuna maka hoton rahoton da ya gyara da hannunsa, ko kuma, abin da ya fi muni, ka miƙa masa BVN da NIN da lambar sirrin da aka turo maka ya je ya ci wani bashin da sunanka.

Gudu ma ya daina aiki. A da mutum yakan jefar da layin waya, ya bar asusun ya buɗe wani a bankin da ke tsallaken titi. Tun 1 ga Agusta, 2020, akwai tsarin da ake kira GSI, wanda ya ba banki damar bin BVN ɗinka ya ɗebi uwar kuɗi da ruwanta daga kowane asusu naka a wani banki, in dai ka sa hannu a kan wannan sharaɗi lokacin karɓa, kuma mu nawa ne ke karanta abin da muke sa wa hannu? Mutane da yawa a nan sun fara sanin tsarin ne ranar da alat ya shigo an kwashe kuɗin cefane. Waɗanda suka karɓi rancen korona na 2020, ko na manoma da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, suna ɗauka rabon gwamnati ne, su ma su duba takardarsu: rance ne, kuma da sunansu aka rubuta. Masu cewa a jira lokaci ya share, su sani dokar ta ce a riƙe bayani aƙalla shekara 6, bashin da ba a biya ba kuwa ana ta sabunta labarinsa.

Saura hanyoyi uku na gaskiya.

Ta farko ita ce wadda kakanninmu suka sani: a sayar da abu a biya. Mutumin Katsina ba kasafai yake ajiye arzikinsa a banki ba. Yana cikin turke, ko a rumbu, ko wani ɗan fili da aka saya a bayan gari ana jiran ya yi daraja. Ƙanena yana da raguna biyu da yake kiwo a bayan ɗaki. Alherin wannan hanya a fili yake: ranar da ka biya, ranar haihuwar bashin ta tsaya, kuma ga wanda kuɗin ruwa ke ci masa rai saboda addini, babu hanyar da ta fi ta saurin fitar da shi. Amma akwai alheri na biyu da mutane ba su cika lura da shi ba. Mai kuɗi a hannu yana da bakin ciniki. Bankin da ya shekara biyu yana kallon bashi a tsaye ya riga ya fara fid da rai, in ka shiga ofishin manaja ka ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da zan iya bayarwa a wannan makon gaba ɗaya, a yafe mini tara," ba abin mamaki ba ne a saurare ka. Tara ita ce aka fi saurin yafewa, sai wani sashe na kuɗin ruwa. Uwar kuɗi kam da wuya.

Sai dai a yi ta da ido buɗe. Kada ka biya ko sisi sai an ba ka a rubuce, a takarda mai tambarin banki, cewa adadi kaza shi ne biyan ƙarshe kuma za a rufe bashin. Maganar baki ta jami'in da ke bin bashi ba ta da amfani ranar da aka canja masa wurin aiki. Kada ka tura kuɗi asusun wani ma'aikaci, komai daɗin bakinsa, sai asusun rancen kansa. Ka kuma tambaya yadda za a rubuta a rahoto, domin bashin da aka rufe da ragi yana iya fitowa daban da wanda aka biya cif. Duk da haka ya fi bashin da ke tsaye nesa ba kusa ba.

Tambayar da ta fi wuya ita ce me za a sayar, kuma yaushe. Abin da ke ciyar da gida ba a taɓa shi. Tela ba zai sayar da keken ɗinki ba, ɗan acaɓa ba zai sayar da babur ba, wanda ya yi haka ya biya banki ya koma cin bashin mai shago. Gwal ɗin maiɗaki nata ne, roƙo ake yi, kuma in ta bayar bashi ne a kanka. Lokaci kuma yana da nasa hukunci. Ragon da za ka kai kasuwar Mai'aduwa ko Charanchi a watan Muharram ba farashinsa ɗaya da na Zulƙida ba, haka buhun gero da kaka da buhun gero a tsakiyar damina. A nan sai a yi lissafi a takarda: nawa bashin ke ƙaruwa duk wata, nawa kake sa ran kadarar za ta ƙaru? In bashi yana ƙara naira 10,000 a wata, Babbar Sallah kuma saura wata biyu, jira yana da ma'ana, musamman in ka je ka sanar da banki ranar da za ka kawo. In saura wata takwas, ga dusa ga harawa, jiran asara ne. Kuma masu kiwo sun sani, wani lokaci a jajibirin Sallah kasuwa takan karye, don haka ba a kai wa ranar ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce neman sassauci: ka je ka zauna da wanda ke bin ka, a sake tsara biyan, a tsawaita lokaci, a rage abin da ake cira duk wata. Wannan ta dace da mai albashi wanda ba shi da abin sayarwa. Tana da wani amfani da hanyar farko ba ta da shi. Wanda ya biya gaba ɗaya ya rufe mummunan layi ne kawai, bai rubuta komai mai kyau a ƙarƙashinsa ba. Wanda aka sake wa tsari kuwa, in ya riƙe alkawari, kowane wata ana aika labarin cewa ya biya a kan lokaci, kuma mun ga wannan shi ne kaso mafi girma na maki. Wata 12 ko 18 na biya ba fashi shaida ce da mai ba da rance na gaba zai iya karantawa.

Kuɗinta ne matsalar, kuma a nan ake cutar mutanen da ba su tambaya. Ɗauki misalin ƙanena. A ce an yafe tara, bashin ya dawo naira 380,000, an ce ruwan kashi 2.5 cikin 100 ne a wata, za a biya cikin wata 18. Jin adadin ba shi da tsoro. Amma a kan me ake lissafa kashi 2.5 ɗin? In a kan ainihin 380,000 ne tun daga farko har ƙarshe, duk wata ruwa naira 9,500 ne, a wata 18 ya zama 171,000, jimla 551,000, wato kusan 30,600 kowane wata. In kuwa a kan abin da ya rage ake lissafawa, ruwan yana raguwa yayin da kake biya, biyan wata ya zama kusan 26,500, jimla kusan 476,500. Adadi ɗaya aka faɗa maka, tsakaninsu kusan naira 75,000. Ƙananan bankuna da masu ba ma'aikata rance sun fi son lissafi na farko. Tambaya ɗaya ke raba gardama: "Yallaɓai, in na gama, jimlar abin da na biya nawa ne?" Ka sa a rubuta maka jadawalin wata-wata.

Ka kuma duba ƙarfinka kafin ka ce ka yarda. Bankuna da yawa suna auna biyan bashi da kashi ɗaya cikin uku na albashi. Mai ɗaukar naira 95,000, iyakarsa wajen 31,600 kenan, mai mafi ƙarancin albashi na 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 kuwa bai kai 24,000 ba. Amma wannan ma'aunin banki ne, bai san kuɗin makarantar yara ba, bai san kana ɗauke da mahaifiya da ƙanne ba. Gara ka nemi wata 24 ka cika da ka karɓi wata 12 don kunya ka faɗi a na huɗu, domin faɗuwa ta biyu ta fi ta farko muni a takarda, kuma da wuya a sake zama da kai. Ɗan kasuwa da manomi su nemi a ɗora biyan a kan lokacin da kuɗi ke shigo musu. Mai noman damina da aka ce ya biya a Yuli da Agusta, lokacin da yake neman kuɗin taki, an shirya masa faɗuwa ne tun daga ofis. Mafi kyawun lokacin neman sassauci shi ne tun kafin kwana 90 ɗin nan su cika, amma kunya takan sa mu kashe waya a daidai lokacin da ya kamata mu je da ƙafarmu.

Hanya ta uku, a ci wani bashin a biya na farko, ita ce ke buƙatar a rarrabe, don abubuwa ne daban-daban aka sa wa suna ɗaya.

Manhajar waya ita ce mafi kusa da hannu: tsakar dare, ba garanto, ba kallon idon kowa. A ce an ba ka naira 50,000 da ruwan kashi 15 a wata, 7,500 kenan, a shekara kashi 180. Ka kwatanta da ma'aunin kuɗin ruwa na CBN, wanda a ƙarshen 2024 ya tsaya a kashi 27.5 a shekara kuma 'yan kasuwa suna ta kuka da shi. Ba za su ba mai ɓataccen suna 420,000 ba, sai ka tara daga manhaja huɗu ko biyar, kowace da ranarta, kowace neman da ka yi yana iya barin sawu a rahotonka. Layi ɗaya mai matsala ya koma shida. Gaskiya ne an ɗan taka musu burki: hukumar kare haƙƙin masu saye, wato FCCPC, ta fara yi musu rajista a 2022, Google kuma ya hana irin waɗannan manhajoji shiga lambobin waya da hotuna a 2023. Amma har yanzu akwai waɗanda ake saukewa ta bayan fage, masu tura wa surukinka saƙo cewa kai ɓarawo ne. A gari irin namu da kowa ya san gidan kowa, wannan ya fi ƙarancin maki ciwo.

Wani banki ya saye bashin ya mayar da shi wurinsa, wannan yana yiwuwa ga ma'aikacin da bai riga ya makara ba kuma ya samu ruwa mai sauƙi. Wanda sunansa ya riga ya ɓaci, masu arha ba za su karɓe shi ba, masu karɓarsa kuma ba su da arha, ga kuɗin fom da inshora da ake zarewa tun kafin kuɗi su shigo. Masu tunanin bankunan da ba sa ruwa, irin Jaiz da ya fara aiki a 2012 ko TAJ da ya biyo baya a 2019, su san abu biyu. Su ma suna duba rahoton nan kamar kowa. Sannan tsarinsu na murabaha kaya ake saya maka a ɗora riba, ba tsabar kuɗi ake miƙa maka ka je ka biya wani ba. Wurin zuwa ne bayan ka wanke sunanka.

Ƙungiyar taimakon juna, da adashi, da ɗan'uwa, su ne irin bashin da nake yarda a ci don a kashe na banki. A ƙungiyoyin ma'aikata da na sani, ana ba mutum har ninki biyu na ajiyarsa, wasu ba ruwa sam sai ɗan kuɗin hidima, ana zarewa daga albashi. A adashi, ka je wa uwar adashi da gaskiyarka ka roƙi a ba ka ɗaukar farko ko a yi maka musaya da wani. Rauninsu shi ne galibi ba sa aika bayani ga kamfanonin nan, don haka duk cika alkawarin da za ka yi musu ba zai ƙara maka maki ko ɗaya ba. Aikinsu su ba ka tsabar da za ka shiga ofishin manaja da ita. Haɗarinsu kuma ba a rahoto yake fitowa ba. Banki ba ya zuwa suna ko ɗaurin aure, amma wanda ya ranta maka a dangi za ku haɗu a kowace sabga. A rubuta, a sa shaidu, a faɗi ranar biya. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, amma mu sai mu ce ai tsakaninmu ba haka.

To wa ya kamata ya bi wace? A ganina, duk wanda ke da kadarar da ba ita ke ciyar da shi ba, ya sayar, ko da ba za ta kai ba, ya cike gibin da ƙungiya ko adashi, ya je ya yi cinikin rufewa gaba ɗaya. Ita ce mafi arha a jimla. Mai albashi da ba shi da komai a turke, ya nemi sassauci, ya dage a kan lissafin abin da ya rage, ya zaɓi adadin da zai iya biya ko a watan da yaro ya kwanta asibiti. Mai bashi a wurare da yawa, ya fara da wanda ya fi tsadar ruwa, yawanci na manhaja, amma kada ya bar wani ya tsallake kwana 90 yana kallo. Wanda kuma ya ce shi ya tuba da rance har abada, maki bai dame shi ba, na fahimce shi, sai dai biyan bai faɗi a kansa ba. Hadisi ya tabbata cewa jinkirin mai hali zalunci ne, kamar yadda aya ta 280 a Suratul Baƙara ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Sannan rahoton nan yana ƙara shiga harkoki: a 2024 gwamnatin tarayya ta kafa CREDICORP don saye da biya a hankali, kuma duk irin wannan tsari da tarihin biyan mutum yake aiki.

Kowace ka bi, aikin bai ƙare ranar biya ba, kuma nan ne mafi yawan mutane ke sakaci. Ka karɓi takardar shaidar cewa ba a bin ka komai, mai sa hannu da hatimi. Ka ɗauki hotonta, ka yi kwafi, ka ajiye asalin inda kake ajiye takardar fili. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake duba rahotonka, ko da sai ka biya kuɗin dubawa. Kada ka yi tsammanin tsohon layin zai ɓace: zai zauna, sai dai ya koma nuna an biya an rufe, makin kuma yana hawa ne a hankali. A wannan tsakani kada ka bi bankuna kana jefa fom ko'ina don gwada sa'a. In za ka sake karɓar wani abu, ya zama ƙarami, wanda kana da kuɗin biyansa tun kafin ka karɓa. Kada ka ba da cek ɗin da babu kuɗi a bayansa, shi ma yana shiga rahoto, ban da cewa laifi ne a doka tun 1977. Tsaya wa mutum kuma, ka ɗauka kai ne za ka biya, in ka ga ba za ka iya ba ka ba shi haƙuri tun a zaure.

Ƙanena ya sayar da ragunan biyu ana saura mako uku Sallah, ya samu naira 230,000. Ƙungiyarsu ta malamai ta ba shi 120,000, za a riƙa zarar 12,000 har wata 10. Mun je tare wurin manajan, ya fara da cewa ba a taɓa yi ba, muka sha ruwa muka tashi. A zuwa na uku ya sa hannu a kan 350,000. Takardar shaidar sai da ta ci mako biyar da kiran waya ba adadi. A shekarar bai yi layya ba, naman gidana aka raba biyu.

Makon jiya muka sake dubawa. A wurin kamfani biyu layin ya koma an biya an rufe, na ukun har yanzu yana nuna 420,000. Ya ɗauki hoton takardar ya haɗa da ƙorafi ya tura, ranar Litinin kuma in an tashi daga makaranta zai sake leƙa bankin, a kan aron babur ɗin maƙwabcinsa.